Ina son zuwa farauta a Amurka: wane lasisi ake bukata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Houston, jihar Texas, da bizar karatu na shigo, wata takwas ke nan. Abokaina sun gayyace ni farautar barewa a wannan kaka, daga baya kuma za su wuce Colorado. Lasisi ɗaya zai ishe ni? Kuma ni ɗan jiha ne a wurinsu ko baƙo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar barewa, bari mu fara da bindiga, domin nan ne ɗalibai suka fi faɗawa cikin matsala. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta yawon buɗe ido, riƙe bindiga ko harsashi. Cikin 'yan hanyoyin da aka sassauta akwai mallakar lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Ke nan lasisin ne ke halatta maka taɓa bindigar, ko da aro ce. Kada abokanka su ce zo mu je ka gwada harbi tukuna, a yanki lasisi daga baya. Kuma ranar da lasisin ya ƙare, kariyar ta ƙare. Mai katin zaman dindindin wannan sharaɗi bai shafe shi ba.

Lasisi ɗaya ba zai ishe ka ba. Kowace jiha ce ke kula da namun dajinta, ita ke yanka lasisi, ita ke sa lokacin farauta da adadin da za a kashe. Na Texas ba ya aiki a Colorado.

Batun zama ɗan jiha kuwa, ba a tambayar inda aka haife ka. Zama ake dubawa. Texas na neman wata shida a jere kafin ranar sayen lasisi, don haka da wata takwas ɗinka ka cika, muddin kana da takardun da ke nuna zamanka, irin su lasisin tuƙi na jihar da rasitin wuta. Pennsylvania kwana 30 kawai take nema. A 'yan shekarun nan mazaunin Texas dala 25 yake biya, baƙo kuwa dala 315. Da ka tsallaka Colorado kai ne baƙon, kuma izinin harbin elk, wata ƙatuwar barewa mai girman gwanki ko fiye, ya haura dala 700 ga baƙo, alhali ɗan jiha ko dala 100 ba ya biya. An taɓa kai ƙarar irin wannan bambanci har Kotun Ƙoli a kan jihar Montana, a 1978 kotun ta ce jiha na da ikon yin haka. Ni dai ban ga laifinsu ba, ɗan jiha ne ke zaune da dajin shekara da shekaru. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne kada tsadar ta sa ka ari adireshin wani ka ce kai mazaunin Colorado ne. Laifi ne, kuma jihohin suna da yarjejeniya a tsakaninsu: wanda aka dakatar a wata jiha, sauran ma sai su rufe masa ƙofa.

Sai kwas ɗin koyon farauta. A Texas wajibi ne ga duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971, a Colorado daga 1 ga Janairu 1949. Ana iya yin sa ta intanet, kuma shaidar da ka samu a Texas za ta yi maka aiki a Colorado.

Ba a nan kuma aka tsaya ba. Lasisin Texas yana zuwa da 'yan takardun shaida, da zarar barewa ta faɗi, kafin ka ɗauke ta, za ka cike ɗaya, ka yanke wata da rana, ka ɗaura a jikinta. Jami'in kula da namun daji in ya tare ku a hanya, abin da zai fara dubawa ke nan a bayan mota. A Colorado kuwa yankuna da dama sai an shiga ƙuri'a tun farkon Afrilu, don haka ka bincika ko akwai sauran gurbi a bana kafin ka sa rai. Can dole ne mai bindiga ya sa riga da hula ruwan lemu mai ƙyalli ko ruwan hoda, don kada wani ya ga motsi a duhuwa ya sakar masa wuta.

In agwagwar ruwa za ku harba, gwamnatin tarayya ta shigo ciki. Tun 1934 ake sayen kan sarki na musamman, yanzu dala 25 ga mai shekara 16 zuwa sama, kuma tun 1991 an hana amfani da harsashin dalma a kansu.

Abu biyu da suka saɓa wa abin da muka saba a gida. Kusan duk ƙasar Texas mallakar mutane ce, lasisi ba ya ba ka ikon tsallaka shingen kowa sai da yardar mai fili. Sannan naman da ka harbo ba na sayarwa ba ne. Ka ci, ka yi kilishi, ka raba wa 'yan'uwa a masallaci, amma kada kuɗi su shiga tsakani. Lasisin Texas yana ƙarewa 31 ga Agusta kowace shekara, sai ka sa ranar a wayarka.