Yaya Zan Samu Sautin Amfilifaya Mai Kwalba Ba Tare da Na Mallake Ta Ba?

Tambaya: Malam, ni makaɗin jita ne, kuma ina da ƙaramin sutudiyo a Damagaram. Duk lokacin da na haɗa jitata kai tsaye da kwamfuta, sautin yakan fito siriri yana sukan kunne, alhali na tsofaffin makaɗa yana da kauri da taushi. An ce mini sirrin shi ne amfilifaya mai kwalba, wato na'urar ƙara sauti da ke aiki da ƙananan kwalaben lantarki na gilashi, amma kuɗinta ya fi ƙarfina. Ina da feda ɗaya ta ƙara wa sauti kaushi, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa, da manhajar matse sauti. Ko waɗannan za su wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, za su kai ka kusa ƙwarai, muddin ka fahimci cewa abin da kunnenka yake so ba daga kwalbar kaɗai yake fitowa ba.

Idan aka tura wa kwalba irin 12AX7 ƙarfin da ya wuce iyawarta, ba ta yanke kan igiyar sautin farat ɗaya kamar yadda da'irar taransista mai arha, wato wadda ake amfani da ita a madadin kwalba, take yi. A hankali take lanƙwasa shi, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗayan lanƙwasuwa. Wannan ne yake haifar da ƙarin muryoyi a saman muryar asali. Idan ka kaɗa tsirkiyar da ke bugawa sau 220 a daƙiƙa, za ka samu 440 da 660 suna biye da ita, su ne kaurin da kake ji, yayin da yanka mai kaifi yake ƙaro muryoyi na can sama waɗanda suke ƙarce kunne. Tun 1979 kamfanin Ibanez ya fitar da fedar Tube Screamer don kwaikwayon wannan lanƙwasa da ƙananan dayod guda biyu, wato kayan lantarki masu barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, sannan Boss SD-1 ta zo da yanka marar daidaito tsakanin ɓangarorin biyu. Shawarata ita ce ka bar maɓallin kaushin fedarka ƙasa da rabi, sa'annan ka ƙara wani ɗan kaushi kaɗan a cikin kwamfuta, domin ita ma amfilifayar a matakai da dama take tara kaushinta, ba a wuri guda ba.

Batun matse sauti ne ya fi bukatar natsuwa. A tsofaffin amfilifayoyin Fender da Vox masu kwalbar daidaita wuta, idan makaɗi ya doki tsirkiya da ƙarfi, wutar cikin na'urar takan ɗan faɗi na ɗan lokaci kafin ta farfaɗo, sai ka ji bugun farko ya ɗan lotsa, daga baya muryar ta kumbura ta daɗe tana amo. Don ka kwaikwayi wannan, ka sanya manhajar matsewa bayan fedar, ba gabanta ba. Idan ka sa ta a gaba, za ta daidaita bugunka mai ƙarfi da mai taushi tun kafin su isa fedar, ka rasa abin da ya fi komai daɗi, wato jitar da take tsabta idan ka shafa ta, take kuma gurnani idan ka doke ta. Ka fara da ma'aunin matsewa na 2:1 ko 3:1, wato matsewa mai sauƙi, ka ba ta jinkirin kamawa na kimanin milisakan 20, kuma kada allurar manhajar ta nuna ragin ƙara da ya wuce desibel 3, wato ma'aunin ƙarfin sauti.

Amma ina kyautata zaton babbar matsalarka lasifika ce. Lasifikar jita mai inci 12 ba ta fitar da sauti sosai idan ya haura 5,000 Hz, wato bugawa sau 5,000 a daƙiƙa, saboda haka ita ce take tace ƙaiƙayin da kaushi ya haifar. Kai kuwa da ka shiga kwamfuta kai tsaye, babu abin da ya tace maka shi. Ka nemi fayil ɗin da aka ɗauki amon akwatin lasifika na gaske a cikinsa, akwai su kyauta a intanet, ko kuma aƙalla ka datse abin da ke sama da 5,000 Hz da abin da ke ƙasa da 80 Hz. Wannan tunanin ne ya sa akwatin SansAmp na 1989 ya karɓu a sutudiyo ba tare da kwalba ko ɗaya a cikinsa ba, kuma a yau manhajar Neural Amp Modeler, wadda kyauta ce, tana kwaikwayon amfilifayoyi na gaske da aka auna.

Ina kuma roƙonka kada ka kashe kuɗinka a kan ƙananan akwatunan da ake ganin kwalba tana haske a cikinsu amma da bolt 12 kawai take aiki, domin a amfilifaya ta gaske bolt 200 zuwa sama ake ba ta, kuma halinta ba ɗaya ba ne.

Idan ka gama haɗawa, ka rage maɓallin ƙarar da ke jikin jitarka daga 10 zuwa 6 ka yi kiɗa. In sautin ya washe amma bai rame ba, saitinka ya yi. In kaushin yana nan daram, ka koma kan fedar ka ƙara rage ta.