Wanda bizarsa ta ƙare a Amurka, zai iya samun lasin tuƙi?

Malam, ka tambaya ko ƙanenka da bizarsa ta ƙare zai samu lasin tuƙi da tallafin gwamnati. Sai an san jihar da yake zaune tukuna, domin kowace jiha da dokarta.

A Kalifoniya tun 2015 ake ba marasa takardun zama lasin, jihar New York ma ta bi sahu a 2019. Amma Florida ta yi doka a 2023 wadda ta ƙi amincewa da irin lasin da wasu jihohi ke bayarwa musamman ga marasa takardu. Ka ga kenan ya tuƙa mota lafiya lau a wata jiha, ya shiga Florida ya faɗa hannun 'yan sanda. Kuma lasin nan ba ya shigar da mutum jirgin sama, sai mai tambarin REAL ID, wato lasin da ya cika ƙa'idojin gwamnatin tarayya, ko wata shaida kamar fasfo.

Batun tallafi kuwa, dokar tarayya ta 1996 ta rufe yawancinsa ga marasa takardun zama. Amma asibiti ba ya korar mai neman agajin gaggawa, 'ya'yan ƙanen naka kuma suna da haƙƙin shiga makarantar gwamnati tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982.

Ni dai shawarata, ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike kowace takarda.