Zuƙe kitsen ciki: kafin ki sayi tikitin Istanbul

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Manchester ta rubuto mini. Haihuwa uku, biyu ta hanyar tiyata, teɓa ta ƙi sauka, ga bikin ƙaninta a Kano nan da wata uku. Ta ga tallan asibitocin Turkiyya, tana tambaya: VASER, ko leza, ko daskarar da kitse?

Ƙanwata, bari mu fara da cikin naki kafin injin. Ki tsaya gaban madubi ki kama wurin. Idan kitse ne mai kauri kuma fatar tana komawa, zuƙewa na iya amfani. Idan fata ce ta saki, ko naman ciki ya rabu biyu kamar yadda goyon ciki ke jawowa, babu injin da zai gyara, ƙara lanƙwashewa ma za ta yi. Wannan sai tiyatar yanke fata da ɗinke naman, mai barin dogon tabo daga ƙugu zuwa ƙugu da hutun aiki na mako 4 zuwa 6. Ke da kike ɗaga tsofaffi daga gado, ki lissafa wannan, tunda bizarki a jikin aikin take.

Su kuwa hanyoyin zuƙewa, uwarsu ɗaya. Tun 1987 da Dakta Jeffrey Klein na Amurka ya fito da dabarar cika wurin da ruwan gishiri mai maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, kusan kowa da ita yake farawa, sannan a zura siririn bututu a tsotse. VASER na farfasa kitsen da ƙarar sauti kafin a ja, yana taimakawa a wuri mai tauri kamar baya. Leza narkar da shi take yi da zafi. Duk biyun suna iya ƙona fata a hannun wanda bai ƙware ba, kuma baƙar fatarmu tana riƙe tabo, wasunmu har ya kumbura ya zama tudu. Daskarewa, wato CoolSculpting, ba yanka, amma kaɗan take ragewa, sai an yi watanni a gani, kuma a wasu tsiraru kitsen ƙaruwa yake yi. Babu ɗaya a ciki da ke maganin ƙiba. Idan aka ce a haɗa miki da BBL, wato ɗura kitsen a mazaunai, ki ce a'a: kitse na iya shiga jijiya ya toshe huhu.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da zai riƙe bututun, da wanda zai duba ki a daren. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na wancan lokaci, a 2005 ta rasu a wani asibitin kuɗi a Sifaniya bayan irin wannan aiki. Kuɗi bai hana ba. A Ingila kina iya duba sunan likita a rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, asibitin kuma a wajen CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci. NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta biyan tiyatar kwalliya, inshorar tafiya ta yau da kullum ma ba ta ɗaukar matsalar da ta biyo baya. In ciwon ya ruɓe bayan kin dawo, likitan da ya yi aikin yana can nesa. Ga hatsarin daskarewar jini a jirgi. NHS na cewa kafin a hau jirgi a jira kwana 5 zuwa 7 bayan zuƙewa, 7 zuwa 10 bayan tiyatar ciki.

Ki fara ganin likitanki na unguwa, a auna jininki. In kina da sikila ko ƙarancin jini ko hawan jini, ki faɗa tun farko. In kuna son ƙara haihuwa, ki dakata.

Batun biki kuwa, kumburi kan kai wata shida bai gama sauka ba, ga matsattsiyar rigar da za ki yi makonni a ciki. Ki je Kano da jikinki yadda yake, tela ya san aikinsa. In kin dawo har yanzu kina so, ki gaya wa maigida da Hajiya, kada a kwantar da ke a ƙasar da babu wanda ya san kina can.