Asalin Dawakin Zage da Kakaki

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya game da dawakin nan da ka gani a hawan sallar Zariya, an ci musu ado ana jan su a gaban Sarki babu kowa a kansu, kuma ka ce wani abokinka ya gaya maka wai duk hawan nan Turawa ne suka kawo shi.

Na san inda abokin naka ya samo maganarsa. Mu mutanen Kaduna, da yake garinmu bai girmi zamanin Lugard ba, manyan hawan da muka sani su ne wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956 da kuma na bikin al'adun baƙar fata na duniya da ake kira FESTAC a 1977, shi ya sa yaro zai zaci daga nan abin ya faro. Tara sarakuna a fili ɗaya domin baƙo, wannan kam Turawa ne suka ɗabbaƙa shi, amma kayan hawan sun riga su da shekaru fiye da 400.

Dawakin da ka gani su ne dawakin zage, kuma tarihin Kano ya jingina su ga Sarki Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya fara su ne a yaƙinsa da Katsina, domin idan dokin sarki ya gaji ko aka sare shi a tsakiyar daga, a kawo masa wani nan take kada mayaƙa su ga ubangidansu a ƙasa su karaya. An shekara 11 ana gwabza wannan yaƙi ba wanda ya yi rinjaye, saboda haka kada ka bari wani ya cika ka da labarin garuruwan da Rumfa ya ci. A ganina girmansa yana wajen tsara mulki ne, kuma abin da ya tsara ya fi ganimar kowane yaƙi daɗewa.

Shi ne ya gina Gidan Rumfa, wanda har yau a cikinsa Sarkin Kano yake zaune, ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma naɗa majalisar da ake kira Tara ta Kano. Kakakin da ka ji ana busawa, da figini, wato maficin gashin jimina, da takalman gashin jimina, duk a zamaninsa suka shiga fada, kuma har gobe ba a busa wa attajiri kakaki komai dukiyarsa. A lokacinsa ne Shehu Maghili, malamin nan na Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya sauka Kano ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, aka sare itacen da mutane ke tsafi a gindinsa aka yi masallaci a wurin, Sarki kuma ya riƙa fita sallar idi a bayan gari. Daga nan ne ake masa kirari da Balaraben Sarki.

Kullen mata ma a fadarsa aka ce ya soma, amma wannan magana ce mai tsawo, kuma gwaggonka tana da nata ra'ayin a kanta, sai ka zo gida ka ji daga bakinta. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.