Amsa: Ina ƙabilun Jamus suke samun makaman yaƙar Rumawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da makaman da suka ƙera da kansu ƙabilun tsallaken kogin Rhine da Danube suke yaƙar Rumawa. Mashi da garkuwa nasu ne, amma takobi galibi daga hannun Rumawan ya fito.

Tacitus, marubucin tarihi na Rumawa, ya rubuta, wajen shekarar 98 Miladiyya, cewa ƙarfe ya yi musu ƙaranci, kaɗan ne masu takobi, sulke da kwalkwali kuwa sai ɗai-ɗai. Ni dai ina ganin ya zuzuta maganar ƙarfen, domin suna haƙo tama a fadamu su narkar, kuma a kudancin Poland ta yau an gano ragowar dubban murhunan narka ƙarfe na wancan zamani.

Ka dubi Illerup a Denmak, inda aka tono makaman da mutanen wurin suka zuba a tafki wajen shekarar 200, hadaya ga abin bautarsu bayan cin yaƙi. Da yawan takubban na ɗauke da tambarin maƙeran daular Rum, amma ƙotarsu aikin gida ce. Wato ruwan takobin kaɗai ake shigowa da shi.

Ta ina? Akwai ganima, kamar shekara ta 9 Miladiyya da Arminius, jagoran ƙabilun Jamus, ya hallaka rundunoni uku na Varus, kwamandan Rumawa. Akwai samarin da suka yi wa Rum aikin soja suka koma gida, akwai kyautar da ake ba shugabannin da ake son jawowa. Sai fasa-ƙwauri, don dokar Rum ta hana sayar musu da makami, amma iyakar ta yi tsawon da ba ta tsaruwa duka.