Matasa Ba Sa Dawowa Gidan Tarihinmu, Shin Na'urori Ne Mafita?

Tambaya: Ina aiki a sashen ilimantarwa na wani gidan adana kayan tarihi. 'Yan shekara 13 zuwa 19 ba sa zuwa sai makaranta ta kwaso su, kuma idonsu na kan waya har su fita. Shugabanninmu sun ce a sayo manyan allunan taɓawa. Ina tsoron mu kashe kuɗi, yaran kuma su ƙi dawowa. Mene ne abin yi?

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya. Babu ranar da ba na jin wannan magana cewa matashi ba ya kula da komai sai abin da ke haske yana motsi, kuma masu yaɗa ta galibi 'yan kwangila ne da ke da allunan sayarwa. Yaron da ke riƙe da wayar da ta fi allonku sauri, me zai burge shi a jikin bangonku? Na sha shiga ɗakin baje koli na tarar da irin allon nan a mace, an liƙa masa takarda cewa ana gyara, kuɗin da ya kamata a ɗauki ma'aikacin matasa da su kuma sun riga sun tafi. Haɗarin ma ya wuce asarar kuɗi, domin da zarar an girka na'urar sai shugabanni su ɗauka sun sauke nauyi, idan yaran ba su zo ba a ce ai 'ya'yan zamani ba sa son tarihi.

Abin da ke gaban mai waɗannan shekaru, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya bayyana, shi ne gano ko shi wane ne. Wannan kuwa yana samuwa ne idan aka damƙa masa aiki na gaske da sunansa a kai. Cibiyar baje kolin zane-zane ta Walker da ke Minneapolis a Amurka ta kafa majalisar matasa tun 1996, su ke tsara shirye-shirye domin tsararrakinsu. Nazarin da gidan adana zane-zane na Whitney da ke New York ya fitar a 2015 tare da wasu gidaje uku ya bi sawun tsofaffin mahalarta irin wannan shiri, suka ce ya bar tasiri mai ɗorewa a yadda suke kallon kansu.

Ki fara da yara kaɗan masu zuwa kowane mako. Ki kai su ɗakin ajiya, su sa safar hannu, kowa ya zaɓi abu ɗaya ya rubuta bayanin da za a kafa kusa da shi. Kada a matsa wa kowa ya zaɓi kayan ƙabilarsa ko addininsa, domin zaɓin nasa ne. Ki gyara kuskuren shekara ko suna, amma ki bar masa muryarsa. Tun kafin su fara, ki karɓo amincewar shugabanni a rubuce cewa bayanan za su hau bango, domin idan takardar ta kwana a ofis tana jiran sa hannu har zangon karatu ya ƙare, waɗannan yaran ba za ki sake ganinsu ba.