Ni ne a tsakiya, to wa zai biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina da 'yar Corolla ta hawa. Ran nan ana ruwa muna kan titin Ikorodu wajen Ojota go-sulo ya kama, na taka birki na tsaya cak, sai wata danfo (ƙaramar bas ɗin haya ta Legas) ta zo da gudu ta daki motar da ke bayana, ita kuma ta dake ni, ni kuma na je na fasa wa wata mata bamba da fitilar baya. Yanzu matar ta ce ita ba ruwanta da mai danfo, ni ta sani. Ina da inshora tad fati. Ni zan gyara mata? Tawa fa wa zai gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Abin da aka saba dai shi ne wanda ya daki mutum ta baya shi ake fara ɗora wa laifi, don ana sa ran kowane direba ya bar tazarar da zai iya tsayawa, balle ana ruwa. Amma in motoci sun kai uku ko huɗu maganar ba ta tsaya nan ba, tambayar da 'yan sanda da masu inshora za su yi ita ce: kana tsaye aka tura ka, ko ka riga ka daki matar kafin a dake ka? In kana tsaye ne kamar yadda ka ce, to asalin laifin na mai danfo ne, shi ya jawo ɓarnar gaba ɗaya. In kuwa ka fara taɓa ta sannan aka dake ka, akwai rabonka a ciki. Shi ya sa ake tambayar na gaba, duka nawa ka ji, ɗaya ko biyu? Duka ɗaya yana nuna turo ka aka yi. Ka tambayi matar cikin lalama, amsarta ma shaida ce.

Maganar inshorarka kuma, tad fati ba ta gyara motar mai ita, wanda ka yi wa ɓarna take biya, mutanenmu da yawa ba su san wannan ba, sun ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa 'yan sanda a hanya. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000 ga motar hawa, kuma abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Abin da ya haura haka daga aljihun mai laifi zai fito. Don haka gyaran Corollarka wajen mai danfo da kamfanin inshorarsa za ka nema.

Nan fa ake yin ta, don takardun bogi sun yi yawa a Legas. Ka sa lambar danfon a manhajar NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya, ka ga ko inshorarsa ta gaske ce. In ta bogi ce babu kamfanin da zai saurare ka, sai dai ka bi direban da mai motar, ko a sasanta ko a je kotu.

Kai dai kar ka sa hannu a wata takarda cewa ka amsa laifi, kar kuma ka ba matar kuɗi don a rabu lafiya kafin ka sanar da kamfaninka, yin hakan kan sa su ƙi biya. Ka je ofishin 'yan sandan da aka kai maganar ka nemi rahoto, ka haɗa da hotunan gaba da bayan motarka, lambobin motocin huɗu, da kiyasin kuɗin gyara a rubuce daga bakanike. In jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, ne suka fara zuwa wurin ka faɗa a rahoton. In kuma kamfani ya tsaya ja maka rai, NAICOM na da sashen karɓar koke, ka kai musu da kwafin duk takardun nan.